BAƘON YINI ƊAYA DA MUTANEN GARI: Daga Jiragen Ruwan Venis zuwa Hubbaren Shehu

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, domin waɗanda data ba ta isa su saurari muryar ba, ko waɗanda suka fi son karatu.

Yau zan fara da abin da wani zai ce me ya haɗa shi da Sakkwato, wato manyan jiragen ruwan nan da ke yawo da masu yawon buɗe ido daga gari zuwa gari. Na san wani zai ce, Malam, mu da ko gulbin Rima sai damina ta kankama yake cika, ina mu ina jirgin ruwa? Ku yi haƙuri ku biyo ni. Tambayar da waɗannan jirage suka jefa wa garuruwan bakin teku, ita ce Sakkwato take fama da ita shekara ɗari biyu ke nan: idan baƙo ya zo ya kalle ka na ɗan lokaci ya tafi, wa ke da ikon faɗin ko kai wane ne, kai ko shi?

Bari mu fara da yadda harkar take. Jirgin da ake kira Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a watan Janairun 2024, yana iya ɗaukar fasinja har 7,600, ban da ma'aikata. Kun ga gari guda ke nan a kan ruwa. A ciki suke kwana, a ciki suke cin abinci, a ciki suke sayayya, kuma tun kafin su taso sun biya kamfani kuɗin duk wannan. Idan jirgin ya tsaya a wani gari da safe, sai dubban mutane su sauko lokaci guda, su zagaya awa biyar ko shida, su ɗauki hotuna, kafin magariba sun koma. Mai otal a garin bai samu ba tunda ba su kwana ba. Mai gidan abinci ya samu kaɗan tunda abincinsu na jiransu. Wanda ya samu shi ne mai sayar da 'yar tsaraba da mai jagora, kuma sau da yawa shi ma jagoran kamfanin jirgin ne ya zaɓo shi ya yanki kasonsa. Cunkoso da shara da tsadar haya kuwa, na 'yan gari ne.

Birnin Venis na ƙasar Italiya shi ne misalin da kowa ke bayarwa. A 1951 mazauna tsohon birnin sun kai kusan 175,000. A 2022 sun faɗo ƙasa da 50,000. Ba jiragen kaɗai suka jawo haka ba, akwai ambaliya da tsadar gyaran gidaje, amma yawon buɗe ido ya taka rawa babba: gidan da iyali ke haya ya koma masaukin baƙi, shagon mai burodi ya koma shagon tsaraba. Mutanen garin suka yi ta zanga-zanga, har gwamnati ta hana manyan jirage ratsa tsakiyar birnin daga 1 ga Agustan 2021, sannan a Afrilun 2024 aka fara karɓar Yuro 5 daga baƙon yini ɗaya a wasu ranaku. A ƙasar Haiti kuma akwai wani bakin teku mai suna Labadi, wanda kamfanin Royal Caribbean ya karɓa haya tun 1986 ya kewaye da shinge. A shekarun baya fasinja kan sauka, ya yi wanka, ya sayi abin wuya, ya koma gida yana cewa ya je Haiti, alhali bai taka titin kowane gari na ƙasar ba.

To, mu dawo gida.

Sakkwato ba tsohon birni ba ne irin Kano ko Katsina. Muhammadu Bello ne ya gina ta a 1809, bayan faɗuwar Alkalawa, Shehu Usmanu ya taso daga Sifawa ya dawo cikinta a 1815, ya rasu a 1817. Shekara bakwai kacal bayan rasuwar Shehu, a watan Maris na 1824, Baturen farko da muka san labarinsa ya shigo garin, wani hafsan sojan ruwan Ingila mai suna Hugh Clapperton. Ya biyo ta Tarabulus ya ratsa Sahara, ya bi ta Borno da Kano. Aka sauke shi a hannun Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, mijin Nana Asma'u. Bai cika wata biyu ba ya juya.

Abin da ya fi burge ni a labarin nan shi ne, a zaman da suka yi, mai gida ne ya fi baƙo sani. Clapperton da kansa ya rubuta cewa Sarkin Musulmi Bello ya tambaye shi game da tsofaffin ɗarikun Kirista, wanne ne Ingilishi ke bi a ciki, shi kuwa ya rasa amsa, ya ce ba fanninsa ba ne. Da ya dawo karo na biyu a 1826 ya kawo wa Bello littafin lissafi na Iƙlidis da Larabci a matsayin tsaraba, sai Bello ya shaida masa cewa ai gidansu sun taɓa mallakar littafin, gobara ce ta cinye shi. Bello ya kuma ba shi taswirar ƙasar, da wani yanki na littafinsa Infaƙul Maisuri.

Amma ku lura da wanda duniya ta ji muryarsa. Littafin tafiyar Clapperton ya fito a Landan a 1826, aka fassara shi zuwa wasu harsunan Turai. Ta bakinsa Turawa suka san garin, da sunan da kunnensa ya jiyo, yana rubuta shi kamar "Sakatu". Fulani ya kira su Fellata, sunan da ya ɗauko daga Borno. Littattafan Shehu da Abdullahi da Bello da Asma'u, ɗaruruwa, suna nan a gafakokin malamai, amma mutumin da ya yi makonni a garin shi ya zama madogara. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Gaskiya ne, sai dai wannan raɓar ta zo da alƙalami da injin ɗab'i. Clapperton dai a Sakkwato ajalinsa ya same shi, a watan Afrilun 1827, bayan Bello ya hana shi wucewa Borno da wasiƙa da kaya saboda yaƙin da ake yi da Shehu Laminu a lokacin.

Ga kuma inda jirgin ruwa ya shigo tarihinmu da gaske. Babbar tambayar da ta kawo Clapperton ita ce: ina kogin Kwara yake ƙarewa? Yaronsa Richard Lander, wanda ya binne shi, shi ne ya dawo da ƙanensa a 1830 suka bi kogin har teku. Daga 1832 jiragen ruwa masu tururi suka fara hawowa. Heinrich Barth ya zo ta ƙasa a 1853, zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya zauna Wurno da Sakkwato da Gwandu, kuma a yi masa adalci, shi ya ji Larabci da Hausa, ya karanta littattafanmu. Amma a 1885 Joseph Thomson ya biyo Kwara a jirgi har ƙasar Nufe, ya ƙarasa da ƙafa, ya samo wa kamfanin Ingilishi takardar yarjejeniya daga Sarkin Musulmi Umaru ɗan Ali. Fadar Sakkwato ta ɗauki abin a matsayin izinin ciniki. Kamfanin kuwa ya kai takardar Turai a matsayin hujjar cewa ƙasar tana ƙarƙashin inuwarsa. Ranar 15 ga Maris 1903 aka yi karon Giginya a bayan ganuwa, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi gabas, ya yi shahada a Burmi a watan Yuli.

Kada wani ya ce na ce mai yawon buɗe ido ɗan mulkin mallaka ne. A'a. Abin da nake nunawa shi ne, bayanin baƙo yakan riƙa yawo a duniya har ya fi naka ƙarfi, daga baya kai ma ka fara amfani da shi. Shekara da shekaru littattafan makaranta suna cewa "Daular Fulani", kamar dai jihadin yaƙin ƙabila ne, alhali masu shi jama'a suke kiran kansu, shugabansu kuma Amirul Muminina. Haka fatar jan akuyar Sakkwato, wadda majemanmu suka jeme, ayari ya ratsa Sahara da ita, ta isa Turai ta tashoshin Arewacin Afirka, aka yi ta rufe littattafai da ita ana kiranta fatar Maroko. Aiki namu, suna na wani.

Wa ya gyara wancan sunan na daular? Wani baƙon ne, amma baƙon da ya zauna. Murray Last ya zo Sakkwato a farkon shekarun 1960 yana ɗalibin Jami'ar Ibadan, ya durƙusa gaban Waziri Junaidu, ya karanta wasiƙu da littattafan gidan Waziri, ya fitar da littafinsa The Sokoto Caliphate a 1967. Daga nan kalmar Halifanci ta zauna a bakin masana. Haka Jean Boyd, wadda ta yi shekaru masu yawa tana koyarwa a Sakkwato, ita ma da taimakon Waziri Junaidu ta fito wa duniya da tarihin Nana Asma'u. Su duka Turawa ne kamar Clapperton. Bambancin shi ne tsawon zama, da kuma wanda ke riƙe da allo lokacin karatun.

Yanzu mu zo ga nau'i na biyu, wato abin da ake shirya wa baƙo ya kalla. Kalmar "daba" ko "durbar" da ake kiran hawa da ita yau, daga Indiya Ingilishi suka kawo ta. Hawan sallah da jahi namu ne tun da can, amma tara sarakuna da dawakansu a fili ɗaya don babban baƙo ya zauna a rumfa ya kalla, wannan tsarin Turawa ne. An yi wa Yariman Wales a Kano a 1925, an yi wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956, an kuma yi a Kaduna lokacin FESTAC a 1977. Yau mun rungume shi har muna alfahari da shi, UNESCO ma ta sa hawan Kano a jerinta a 2024. Ba laifi ba ne, al'ada takan ari abu ta mai da shi nata. Amma yana da kyau matashi ya san wane ɓangare ne gado, wane ne aka ɗinka don idon baƙo.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Argungu, tafiyar kamar kilomita 100 daga Sakkwato. Kabawa da Sakkwato sun yi kusan ƙarni guda suna gaba. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya shirya masa gagarumin su don karrama shi. Wato bikin nan da kansa saboda baƙo aka haife shi, kuma ma'anarsa sulhu ce tsakanin maƙwabta biyu. Kafin nan Kabawa suna da al'adunsu na ruwa, irin su gyaran ruwa da fashin ruwa, waɗanda Sarkin Ruwa da mutanensa ke kula da su, masu tsara lokacin da za a shiga ruwa da lokacin da za a bar kifi ya hayayyafa.

Da aka ƙirƙiro Jihar Arewa maso Yamma a 1967 mai hedikwata a Sakkwato, gwamnati ta shigo cikin bikin. A 1970 Janar Yakubu Gowon da Shugaba Diori Hamani na Nijar suka halarta. Daga nan abin ya zama na duniya: jakadu, 'yan jarida, kamfanonin talla. Da yawa ta Sakkwato suke sauka su kwana, da safe a kwashe su a mota zuwa Matan Fada, a harba bindiga, dubban masunta su ruga cikin ruwa da homa da gora, cikin kamar awa ɗaya an gama, a auna giwan ruwa, a ba da kyauta, baƙi su juya. Ku gaya mini, ina bambancinsa da jirgin da ya tsaya a Venis?

Kuma abin da ke biyo bayan irin wannan ya biyo. Kyauta ta girma har ta kai mota da kujerar Makka, sai a 2008 aka ƙwace kambun daga wanda ya zo na ɗaya bayan an gano cewa kifin da ya fito da shi ba a wurin aka kama shi ba. Bayan bikin 2009 sai aka daina, saboda matsalar tsaro da ƙarancin ruwa, ba a sake yi ba sai a watan Maris na 2020. Abin mamaki, a tsakiyar wannan hutun ne, a 2016, UNESCO ta sa bikin a jerin al'adun duniya. Ni tambayar da nake yi ita ce: bikin da kakanni suka fara da kwale-kwalensu da gorunansu, me ya sa ya zama ba ya yiwuwa sai gwamnati ta saki kuɗi kuma baƙi sun samu hanya? Amsar ita ce ma'aunin nasararsa ya canza. Da ana auna shi da zumunci tsakanin Kabi da Sakkwato, ya koma ana auna shi da yawan manyan baƙin da suka zauna a rumfa. Ga shi kuma tun da aka yanke Jihar Kebbi a 1991, yaran Sakkwato da yawa suna ganinsa a matsayin bikin wata jiha, ba su san Sarkin Musulmi aka fara yi wa shi ba.

Nau'i na uku shi ne wanda Sakkwato ta fi kowa sani, amma ba ma lissafa shi a matsayin yawon buɗe ido: ziyara. Tun bayan rasuwar Shehu mutane ke zuwa Hubbare. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864 kuma take kwance kusa da mahaifinta, ta kafa tsarin 'Yan Taru: a kowane ƙauye akwai jaji, dattijuwa mai malfa, wadda ke jagorantar mata su tako zuwa wurinta da ɗan abin da suka samu na hatsi ko man shanu ko zare, su koyi karatu da waƙoƙin wa'azi, su koma su koyar. Bayan rasuwarta ƙanwarta Maryam ta ci gaba, kuma har yau mata daga ƙauyukan Sakkwato da Kabi da Zamfara da Jamhuriyar Nijar suna zuwa Hubbare ƙungiya-ƙungiya. Wasu su wuce Wurno wurin kabarin Bello, wasu Gwandu wurin Abdullahi, wasu Degel.

Na san malamai suna da saɓani kan wasu abubuwan da ake yi a wurin ziyara, wannan fagensu ne. Ni abin da nake kallo shi ne tsarin baƙuntar. Mai ziyara yana tuɓe takalmi inda aka ce ya tuɓe. Yana jin harshen masu wurin. Yana cin abincin mai tuwo a bakin hanya, ya hau kabu-kabun ɗan gari, ya sayi tasbaha da turare da littafi a hannun ɗan kasuwar unguwa. Kuɗinsa kaɗan ne amma duk a garin yake faɗuwa, kuma ba wanda ya canza fasalin Hubbare don ya burge shi. Wannan baƙuntar ta yi shekara fiye da ɗari biyu ba ta tsaya ba, har lokacin da jakadu suka daina zuwa saboda tsoron hanya.

Ku kwatanta da ranar 23 ga Agustan 2016, da Sakataren Harkokin Wajen Amurka John Kerry ya sauka Sakkwato, ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, ya yi jawabi a fada, ya tashi a ranar. Hotunan wannan 'yan awoyi sun zagaya duniya. Matan da ke zuwa Hubbare kowace shekara kuwa, da wuya ka ga labarinsu ko a jaridun gida.

Me ya sa nake wannan magana yanzu? Saboda kowace gwamnati ta zo sai ka ji ana batun bunƙasa yawon buɗe ido don samun kuɗin shiga, kuma idan Allah ya kawo zaman lafiya baƙi za su zo. Muna da abin nunawa: Hubbare, Masallacin Shehu da na Bello, fadar Sarkin Musulmi, gidan tarihi na Waziri Junaidu, kufan Alkalawa, da kangon Surame, birnin Kanta, wanda ganuwarsa ta dutse take nan har yau kuma yana jerin wuraren da Nijeriya ta miƙa wa UNESCO tun 2007. Ban da wannan, jirgin ruwan zamaninmu ya riga ya iso, yana cikin aljihunmu. Mai TikTok ko YouTube zai shigo gari da safe, ya ɗauki raƙuma a kara, ya ɗauki almajirai, ya ce zafi ya kusa kashe shi, ya kwaikwayi Sakkwatanci a yi dariya, da yamma ya hau jirgi. Mutum dubu ɗari su kalla. Yaron da aka haifa a Kanwuri ko Gidan Haki ya kalla shi ma, ya fara jin kunyar cewa "mi kaka so" a gaban abokansa na jami'a.

Tun ran gini ran zane. Idan za a kawo baƙi, ni a ganina abu uku ya kamata a tsayar tun yanzu. Masu jagora su zama 'yan gari da aka koya wa tarihi daga littattafanmu, ga Jami'ar Usmanu Danfodiyo nan da sashen tarihinta. A tsara ziyara yadda baƙo zai kwana ya ci ya saya a hannun dukawa da majema kai tsaye, kuma a rubuta Sakkwato a jikin kayan. Sannan wurin ibada ya zauna wurin ibada, masu kula da shi su ke faɗin inda kyamara za ta tsaya, kada a wayi gari tsohuwar da ta taho daga Ƙonni ko Illela tana jira a rana don an rufe ƙofa saboda babban baƙo. Mutanen Venis sai da kusan kashi uku cikin huɗu na yawansu ya zube kafin a saurare su.

Kafin mu rabu ga aikin gida. Ganuwar Sakkwato ta tafi, sunayen ƙofofinta ne suka rage: Ƙofar Rini, Ƙofar Marke, Ƙofar Kware, Ƙofar Kaɗe, Ƙofar Taramniya, Ƙofar Atiku, Ƙofar Aliyu Jeɗo, Ƙofar Dundaye. Duk wanda ke zaune kusa da ɗaya daga ciki, ya samu dattijo ko dattijuwa a shiyyarsu ya tambayi asalin sunan da abin da suka taras a wurin suna yara, ya rubuto mana a ƙasan wannan rubutu, da Sakkwatancinsa yadda aka faɗa masa, kada ya gyara. Mutanen Argungu kuma muna son jin ta bakinku: shekarun da ba a yi biki ba, me ya canza a garin, me ya ci gaba kamar da? Za mu karanto amsoshinku a shiri na gaba, inda za mu bi sawun fatar jan akuya daga marinar majema har zuwa kasuwannin Tarabulus.

Ku tura wa wanda kuka san zai amfana.